Ranar da Ƙafarsa Ta Ƙi Barin Birki

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana jan bas ɗin wata makaranta, bai taɓa ko gogar jikin wata mota ba. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Sannu-Sannu, don ko titi ya zama fayau ba ya wuce gudun da ya saba. Yara kuwa Kawu suke ce masa. Bas uku makarantar ke da su, direbobi ma uku: shi, da Dogo sarkin surutu, da wani dattijo da kowa ke kira Baba, wanda aka ce a da manyan motoci yake ja. In sun sauke yara da safe, sai su zauna a kan benci bayan ɗakin maigadi, su sha shayi, su yi ta musu a kan ƙwallo da tsadar taya har lokacin tashi ya yi.

Wata Talata da rana, yana mayar da yara gida, ya iso babbar mararrabar da ke gaban kasuwa. Danja ta ba shi hannu, ya saki birki, ya ɗan taka totur. Sai ga wata yarinya, ba za ta wuce shekara shida ba, ta fito a guje daga bayan wata motar kaya da aka faka a gefe. Bai san lokacin da ya danna birki ba. Taya ta yi ƙara, yaran cikin bas suka zube a kan juna, gaban motar ya taɓa jakar da ke bayan yarinyar. Ta faɗi, ta miƙe, ta waigo ta dube shi ta cikin gilashi, sannan ta ruga ta shige kasuwa. Ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Mutane suka taru suna sa masa albarka. Malamar da ke raka yara a bas ɗinsa, wata matashiya mai koyar da 'yan aji biyu, ta ba da labari a makaranta, washegari shugabar makaranta ta yabe shi a gaban kowa. Dogo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yau dai tafiyar hawainiya ta yi rana. Da ni ne da yanzu ana kai mini abinci a bayan kanta." Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Sai bayan kwana huɗu abin ya fara. Yana hango mararrabar daga nesa ƙirjinsa ya shiga dukan uku-uku. Tafin hannunsa ya jiƙe har sitiyari na zame masa, numfashi ya tsaya masa a wuya kamar an shaƙe shi da igiya. Ya yi ta maza ya wuce. Da ya sauke yaro na ƙarshe, ya tsaya a wani kantin magani ya ce a auna masa jini. Mai kantin ya ɗaura masa abin awo, ya duba, ya ce, "Malam, jininka ya fi nawa kyau. Ka rage shayi dai."

Ya rage shayi. Abin bai ragu ba.

Ya koma zuwa makaranta tun kafin maigadi ya gama sharar ƙofa. Ya duba man birki, ya taka, ya saki, ya zagaya motar yana bubbuga tayoyi da ƙafa, ya hau ya zauna, sai zuciyarsa ta ce masa anya ya duba da kyau, ya sake sauka. Sau biyu a mako guda ya kai bas ɗin gareji, har bakaniken ya gaji ya ce, "Birkin nan in ya fi haka kamawa, sai dai motar ta daina tafiya gaba ɗaya." Daga nan ya samo wata hanya ta bayan asibiti wadda ke kauce wa mararrabar. Tana da ramuka, tana ƙara minti ashirin, amma ba ta bi ta gaban kasuwa. Da Malama ta tambaye shi, ya ce cunkoso yake gudu.

Bencin bayan ɗakin maigadi ma ya daina zama a kai. Tsoro yake kada a miƙo masa kofi a ga hannunsa na rawa. Direban da hannunsa ke rawa, me za a ce? Wani ya ce ƙwaya yake sha, wani ya ce kansa ya taɓu, kafin ka ce kwabo magana ta kai kunnen iyayen yara, a karɓe makulli. Shi kuwa ban da tuƙi bai iya komai ba, ga 'ya'ya huɗu. Saboda haka in ya sauke yara sai ya zauna a cikin bas, ya kwantar da kujera, ya rufe fuska da hula kamar mai barci. Yana jin dariyarsu Dogo daga nesa. Sau biyu Baba ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi, ya yi lamo. A na uku tsohon ya tsaya ya daɗe, sannan ya ajiye kofin shayi a kan matakalar ƙofa ya tafi.

A gida ma haka. Wata yamma 'yar autarsa ta jiyo muryarsa a waje, ta fito a guje ta tsallake ƙofar gida don ta tarbe shi. Ya daka mata tsawar da shi kansa bai san yana da irinta ba, ya fizgo hannunta har ta saki kuka. Babu mota ko ɗaya a layin, sai wata akuya.

Matarsa ta rarrashi yarinyar, ta shigo ɗaki ta same shi zaune a bakin gado, bai ko cire takalmi ba.

"Baban yara, me ke damunka ne?"

"Gajiya ce."

"Gajiyar ce ta hana ka cin abinci? Wandonka fa har ninke shi kake yi a ƙugu."

"Na ce miki gajiya ce. Ko so kike in ƙirƙiro ciwo in ba ki?"

Ta dube shi, ta ɗauki kwanon da bai taɓa ba ta fita. Ya so ya kira ta. Ya ce mata me? Yarinyar da bai buge ba ce ke hana shi sakat?

Mako shida aka yi a haka. Iyaye suka fara ƙorafin yara na isa gida a makare, shugaba ta kira shi ta ja masa kunne, ya ce zai gyara.

Ranar Alhamis ta mako na bakwai, da yara ashirin da shida a bayansa, ya karya kwana zai shiga hanyar bayan asibiti, sai ya tarar an gindaya ganguna. Ma'aikata na zuba kwalta, wani mai jar tuta yana nuna wa motoci su miƙe. Miƙewa kuwa ba ta kai mutum ko'ina sai gaban kasuwa. Ya duba madubi ko zai iya juyawa, motoci sun riga sun yi layi a bayansa.

Ya bi layi a hankali. Ya hango rumfunan kasuwa, ya hango wata motar kaya a fake daidai inda waccan ta tsaya. Danja ta tsayar da su, shi ne a gaba. Gumi ya karyo masa tun daga tsakiyar kai, yana gangarowa cikin ido. Yatsunsa suka yi sanyi. Hayaniyar yara ta koma can nesa kamar daga cikin rijiya, abin da yake ji kawai bugun zuciyarsa. Ya ce a ransa, shi ke nan, yau zan mutu a kan sitiyari da 'ya'yan mutane.

Danja ta ba da hannu. Ƙafarsa na kan birki. Ya ce mata ta ɗaga, ta ƙi.

Na baya ya danna hon, na bayansa ya taya shi, nan da nan mararraba ta ɗauka. Wani mai babur ya zagayo ya bugi jikin bas ɗin da tafin hannu. "Kai direba, gadon gidanku ne nan?" Yara suka fara leƙe ta taga, wani ya ce, "Kawu, an ba mu hannu!"

Malama ta taso daga kujerarta ta zo kusa da shi. Ta kalli fuskarsa, ta kalli hannayensa da suka ƙanƙame sitiyari, ba ta tambaye shi komai ba. Ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Kawu, ja birkin hannu. Yawwa. Kashe motar. Ba ni makullin in riƙe maka."

Ya yi duk abin da ta ce kamar ƙaramin yaro. Ta juya ga yaran ta tafa hannu. "Mota ta gaji, za ta ɗan huta. Kowa ya zauna. Wa zai fara kawo mana sunayen dabbobi masu ƙafa huɗu?" Tana sauraren su, waya na kunnenta.

Minti goma sha biyar aka yi, shi dai a wurinsa sun fi shekara. Danja ta canza ya fi sau goma. Motoci na ratsawa ta gefe, kowane direba sai ya leƙo ya yar da tasa maganar. Yana ganin masu kallo sun fara taruwa a bakin kasuwa, wani har ya ɗaga waya. Ya tabbata zuwa yamma duk gari ya sani.

Sai ga Baba a bayan babur. Ya sauke nasa yaran ke nan kiran Malama ya same shi. Tsohon bai ko kalli wajen direba ba. Ya buɗe murfin inji, ya tura kai ciki, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ɗago yana faɗa da ƙarfi don masu kallo su ji: "Na faɗa musu wayar nan za ta ba da kunya wata rana, ba sa ji!" Ya rufe, ya goge hannu a riga, ya hawo.

"Matsa can, ɗana. Ka gaji da fama da ita."

Sannu-Sannu ya ja jiki ya koma kujerar gefe. Baba ya karɓi makulli ya tayar da mota, suka ratsa mararraba. Gida-gida suka sauke yara, suka sauke Malama a bakin layinsu. Za ta sauka ta ce, "Kawu, Allah ya ƙara sauƙi," ya kasa ɗaga ido ya amsa.

Baba bai nufi makaranta ba. Ya faka a gindin wata bishiya kusa da filin ƙwallo, ya kashe mota, ya sauke gilashi.

"Tun ranar yarinyar nan ne, ko?"

Sannu-Sannu ya kawar da kai, Baba ya ci gaba.

"Ƙirji na bugawa, hannu na zufa, kana jin kamar ranka zai fita. Ka je an auna, an ce lafiyarka ƙalau."

Ya juyo ya dubi tsohon. "Baba, wa ya faɗa maka?"

"Wa zai faɗa mini? Kana tsammani son yara ne ya sauko da ni daga babbar mota?" Ya gyara zama. "Shekara ashirin da wani abu ke nan. Motar da ke gabana ta faɗa ƙarƙashin gada, ina kallo. Ni ban ji ko ciwon yatsa ba. Amma daga ranar, in na hango gada sai jikina ya mutu. Na ɓoye. Na yi ƙaryar ciwon baya, na yi ƙaryar ciwon ido, har maigidana ya gaji ya ba wani motar. Shekara biyu ina zaune a ɗaki, abokai suka zo suka zo har suka daina zuwa, don in sun zo cewa nake a ce ba na nan. Matata ta ɗauka na daina son ta ne. Ƙanena ne ya ɗauke ni kamar buhu ya kai ni asibiti. Da na yi magana tun farko, da wata uku ya ishe ni."

"To ni me ya same ni? Ban fa buge ta ba, Baba. Ban buge ta ba." Ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka. Rabonsa da kuka tun rasuwar mahaifiyarsa. Tsohon ya bar shi ya yi mai isarsa, yana kallon yara na buga ƙwallo.

Da ya lafa, Baba ya ce, "Gobe za mu shiga wurin shugaba."

Sannu-Sannu ya ɗago kai. "Za ta kore ni."

"Wataƙila. Amma abin da na yi yau na rufa maka asiri ne a gaban 'yan kallo, ba zan rufa a gabanta ba. 'Ya'yan mutane ne a motar nan. Kafin goben ma, akwai wadda ta fi shugaba haƙƙin ji."

Da Sannu-Sannu ya koma gida, ya tarar da matarsa tana kwashe shanya a tsakar gida. Ya karɓi kwandon ya ajiye, ya ce ta zauna. Ya faɗa mata komai, daga jakar yarinyar har zuwa makullin da Malama ta karɓa. Ya zaci za ta tsorata. Sai ya ga ranta ne ya ɓaci.

"Shekara goma sha shida muna tare, ka ɗauke ni bangon ɗaki? Ka san abin da ban saƙa ba a raina? Na ce ko wata muguwar cuta aka gano maka kake ɓoye mini. Na ce ko an sallame ka daga aiki kake fita don kada in sani. Har wurin yayarka na je, ita ma ta kasa barci." Ta share ido da bakin zane. "Ashe abu ne mai magani. Tashi ka wanke fuska. In za ka asibiti ƙafata ƙafarka."

Da safe su uku suka shiga ofis, don Dogo ya ce ba za a bar shi a waje kamar baƙo ba. Sannu-Sannu ya yi bayani a tsaye, hula a hannu. Shugaba ta cire tabarau ta ajiye. Ba ta yi masa da sauƙi ba.

"Malam direba, mako shida kana ɗaukar mini yara a wannan hali? Da abin ya zo maka kana tsakiyar gudu fa? Me zan ce wa iyayensu?"



Dogo ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, in don hanyarsa ce, ni zan yi sawu biyu. Dama an ce gudu na ya yi yawa, ga inda zai yi amfani."

Ta harare shi, amma ta ɗan saki fuska. Ta ce makulli zai zauna a wurinta. Zai riƙa zuwa aiki kullum, ya kula da motoci da ɗakin ajiya, albashinsa na nan. Ba zai sake ɗaukar yaro ko ɗaya ba sai ya kawo takardar likita, in kuma wata uku ya wuce babu takarda, za su sake zama. Ya fito bai san ko murna zai yi ko fargaba ba.

Likitar da suka gani ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta ce firgici ne ya zauna masa a jiki, tana ganin irinsa kowane mako, har da sojoji da masu aikin jinya. Ta ba shi magani, ta koya masa yadda zai ja numfashi in abin ya taso, ta sa masa ranar dawowa duk bayan mako biyu. Matarsa na gefe tana ƙara abin da ya manta, har da wanda bai so a faɗa ba.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Makon farko maganin ya sa shi jiri. Magana kuma ta fita duk da haka, don yara ba sa riƙe zance. Wani uba ya zo har makaranta ya ce shi ɗansa ba zai sake shiga motar mai taɓin hankali ba, a kunnen Sannu-Sannu, yana tsugune yana auna iskar taya. Ranar bai ci abinci ba. Amma da ya nufi cikin bas zai rufe kansa, Dogo ya riƙo rigarsa ta baya ya ja shi zuwa benci, ya ce, "In kuka za ka yi, yi a nan mu taya ka, Baba ya iya amshi."

Duk Asabar da safe Baba kan karɓo makulli a wurin shugaba, su fita da bas babu kowa a ciki, Sannu-Sannu ke tuƙi. Farko a cikin harabar makaranta, sannan layin baya, sannan titi. Asabar ta biyar suka ratsa ta gaban kasuwa. Ya jiƙe sharkaf, ya faka a gaba ya yi amai a bakin kwata, tsohon ya miƙa masa ruwa ya ce su sake zagayowa. Suka zagayo sau uku.

A cikin wata na uku likita ta rubuta takarda. Shugaba ta karanta sau biyu, ta mayar masa da makulli, ta ba shi gajeriyar hanya, ta ce Malama ta ci gaba da zama a motarsa. Iyaye biyu suka mayar da 'ya'yansu bas ɗin Dogo. Sauran suka bari.

Ya koma tuƙi, yawancin kwanaki lafiya lau. Amma wata Litinin da aka kwana ana ruwa, titi ya yi santsi, yana zaune ya tayar da mota zai fita ɗauko yara, sai ya ji abin na tasowa daga ciki, yatsunsa na sanyi. Ya ja numfashi yadda aka koya masa, ya ƙirga, ya sake. Abin bai lafa ba. Ya duba agogo, saura minti goma. Zuciyarsa ta ce ya daure, kada a ce ciwon ya dawo, kada a sake karɓe makulli.

Ya kashe motar ya sauko. Dogo na goge gilashin tasa da tsumma.

"Mutumina," ya ce, "yau ba ni da daɗi."

Dogo ya dube shi, ya dubi sama. "Sosai, ko kaɗan?"

"Ban sani ba tukuna."

"To je ka faɗa wa shugaba da bakinka, ni zan kwaso naka in na sauke nawa. In ya sake ka zuwa rana, ka mayar da su." Ya jefa masa tsumman. "Kafin nan ƙarasa mini gilashin baya, tsawona bai kai ba."

"Kai ne tsawonka bai kai ba?"

"Yau dai bai kai ba."

Ya ƙarasa goge gilashin, sannan ya nufi ofis.